Wahalar da na sha a hannun matar uba ce ke bibiyata har yau?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Shekarata 31, ina da aure da 'ya'ya uku. Ina da shekara 6 babanmu ya saki mahaifiyata, ya hana ta tafiya da ni, na tashi a hannun matarsa. Duka, horon yunwa, gori, babu irin wanda ban gani ba har na yi aure. Yanzu ina cikin rufin asiri, mijina ba ya ƙuntata mini, amma kullum gabana faɗuwa yake yi, ba na samun barcin kirki, kuma da an ɗaga murya sai jikina ya hau rawa. Abin da ya fi ci mini rai, 'yata ta fari da ta yi ɗan laifi sai in rufe ta da duka, daga baya in shige ɗaki in yi ta kuka. Wasu sun ce rashin tawakkali ne, wasu sun ce iska ce. Abin da ya wuce shekara da shekaru zai iya taɓa mutum haka? Ana warkewa kuwa, ko ni ma na zama irin matar da ta riƙe ni?

Amsa: Wa alaikis salam, 'yar'uwa. Allah ya ba ki lafiya, ya kawo sauƙi.

E, yana taɓa mutum, fiye ma da yadda mutanenmu suke zato. Kuma ana samun sauƙi na haƙiƙa. Zancen ko kin zama irinta kuwa, kukan nan da kike yi shaida ce babba a kan ba halinki ba ne. Sai dai yarinyar zafin dukan ne yake isa gare ta, kukan naki a ɗaki yake tsayawa. Saboda haka ba zan lallashe ki kawai in sallame ki ba, akwai aiki a gabanki.

Kafin komai ki je a duba lafiyar jikinki. Ƙarancin jini da matsalar halittar nan ta wuya wadda kan kumbura ta zama maƙoƙo suna iya kawo faɗuwar gaba, ko rawar jiki, ko rashin barci. Yawan shayi mai ƙarfi ko goro da yamma ma haka. In kuma kina da jariri a hannu, ki faɗa wa likita, domin akwai ciwon damuwa na bayan haihuwa, kuma ya fi kama matan da suka taso cikin irin abin da kika taso.

Ga yadda abin yake faruwa. Allah ya yi jikin ɗan Adam da shirin ko-ta-kwana. Idan haɗari ya taso, wani ɗan sashe a can cikin ƙwaƙwalwa mai suna amigdala ne yake fara hango shi tun kafin tunani ya iso. Sai ya aika saƙo, wasu 'yan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda su zubo sinadaran adirenalin da kotisol cikin jini. Bugun zuciya ya ƙaru, numfashi ya yi sama-sama, ciki ya daina narkar da abinci, jiki ya ɗaure, mutum ya shirya gudu ko kokawa, ko kuma ya sandare a wuri ɗaya. Wannan rahama ce, da ita ake tsere wa mota da gobara. Da haɗarin ya wuce, jiki ya kwanta. To amma ƙaramin yaro ba ya iya kwantar da jikinsa da kansa. Sai babba ya ɗauke shi, ya goya shi, ya jijjiga, ya rarrashe shi, kuma da maimaicin wannan ne jikinsa yake koyon hanyar dawowa daidai.

Ke kuwa wadda ya kamata ki gudu wurinta ita ce abar gudun, kuma babu inda za ki. Yarinyar da ke cikin wannan hali jikinta yana koyon zama a shirye dare da rana. Ta iya karanta fuska, ta san takun kowa a tsakar gida, daga yadda aka ajiye kwano ta gane yau akwai duka. Wannan ƙwarewar ce ta tsare ki a gidan can, ba abin kunya ba ce. Matsalar kawai jikinki bai yarda kin bar gidan ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mijinki ya ɗaga murya yana kiran yaro a waje, kanki ya san babu komai, amma zuciya ta riga ta fara lugude. Shi ya sa “ki daina tunani” ba ta yi miki aiki, domin abin yana tashi ne kafin tunanin ya zo.

Dukan 'yar taki ma daga nan yake fitowa. Ki lissafa shekarunta. Wani lokaci akan tarar yaron da aka fi sauke wa fushi ya kai, ko ya kusa kai, shekarun da uwar take da su lokacin da abin ya fara. Kukanta, ko taurin kanta, ko ma sakin jikin da take yi a gidan ubanta, wanda ke ba ki taɓa samu ba, yana taɓo wurin da bai warke ba. Ga kuma al'adarmu ta kunyar ɗan fari: ba a kiran sunansa, ba a wasa da shi a gaban mutane, ba a nuna ana sonsa. A babban gida wannan bai cika cutarwa ba, domin kaka da goggo da matan baffanni suna cike giɓin. A gidan haya mai ɗaki biyu, inda daga ke sai miji sai yara, idan kika riƙe kunyar kuma ga duka, yarinyar faɗa kawai take samu daga gare ki, babu mai rarrashinta.

Likitoci sun daɗe ba su ɗauki wannan fanni da muhimmanci ba. A shekarun 1980 wani likita a San Diyego ta Amurka, Vincent Felitti, yana kula da masu neman rage ƙiba, sai ya ga da yawa suna daina zuwa daidai lokacin da suka fara cin nasara. Da ya zauna da su ɗaya bayan ɗaya, ya tarar da yawansu an yi lalata da su suna yara. Daga nan ya haɗu da Robert Anda na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, tsakanin 1995 da 1997 suka tambayi manya fiye da 17,000 game da wahalhalu iri 10 na yarinta: duka, zagi da wulaƙanci, lalata, rashin kulawa da ci da sutura, rashin nuna ƙauna, rabuwar iyaye, ganin ana dukan uwa, zama da mashayi, ko mai taɓin hankali, ko a ɗaure wani na gida. Kusan 2 cikin 3 sun ɗanɗani aƙalla ɗaya, 1 cikin 8 kuma ya haɗa 4 ko fiye. Waɗannan na ƙarshen, idan aka gwada su da waɗanda ba su ga ko ɗaya ba, ciwon damuwa ya ninka musu fiye da sau 4, yunƙurin kashe kai kusan sau 12, ciwon zuciya kuma wajen ninki 2. Kuma mafi yawan waɗanda aka tambaya masu ilimi ne da aikin yi, ba matalauta ba. A nan gida, binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2014 ya nuna yara 6 cikin 10 a Najeriya suna fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su cika 18, kuma waɗanda suke samun taimako ba su kai 5 cikin 100 ba. Ki duba sahun matan da kuke zama da su a gidan biki ko a Islamiyya, ba ke kaɗai ba ce, shiru ne ya yi yawa.

Kada waɗannan alƙaluma su tsorata ki. Suna magana ne a kan taron jama'a, ba su faɗin makomar mutum ɗaya. Shi kansa Anda ya fito a 2020 yana gargaɗin a daina amfani da wannan ƙidayar ta wahalhalun yarinta wajen yanke wa mutum hukunci, don haka in kin ci karo da ita a intanet kada ki zauna kina lissafa wa kanki maki. Ba ta ƙirga kakar da ta riƙa ɓoye miki ƙanzo, kuma a ganina wannan ne babban giɓinta.

Binciken da na fi so ki sani an yi shi ne a tsibirin Kauai da ke Hawayi. Wata masaniyar halayyar yara, Emmy Werner, da abokan aikinta sun bi rayuwar duk yaran da aka haifa a tsibirin a 1955, su 698, har suka kai shekara 40. Wajen 200 daga cikinsu sun taso cikin talauci da rigimar iyaye, ko shaye-shaye, ko taɓin hankali a gida. Cikin waɗannan, 72 sun girma lafiya lau, da aiki da iyali da natsuwa. Da aka duba me ya bambanta su, abin da ya fi fitowa fili shi ne kowannensu ya sami aƙalla babba ɗaya da ya riƙe shi da gaskiya. Sau da yawa ma ba iyayen ba ne, kaka ce, ko goggo, ko yaya, ko malamin makaranta, ko maƙwabciya. Sauran kuwa, waɗanda suka lalace a ƙuruciya, wasu da ƙin makaranta, wasu da sata, wasu da cikin da ba a shirya ba, mafi yawansu sun daidaita kafin su kai 40, musamman matan. Abubuwan da suka juya rayuwarsu su ne komawa karatu da girma, auren mutum mai natsuwa, shiga jama'ar ibada, da samun aikin da ake dogara da su a cikinsa. Ke shekararki 31, kuma ɗaya daga cikin waɗannan yana hannunki, tunda kin ce mijinki ba ya ƙuntata miki.

Shi ya sa ba na yarda da masu cewa juriya taurin rai ce da ake haifar wasu da ita, wasu kuma ragwaye. Mutane ne suke gina ta a jikin mutum. Manzon Allah (SAW) bai ga mahaifinsa ba, ya rasa mahaifiyarsa yana da shekara 6, kakansa yana da 8, amma a kowane mataki akwai hannun da ya karɓe shi: Halimatus Sa'adiyya, Ummu Aimana, Abdulmuɗɗalib, Abu Ɗalib da matarsa Faɗima 'yar Asad. To ke wa ya tsaya miki? Ki zauna ki tuna. Wadda ta taɓa yi miki kitso ba tare da dungure miki kai ba, ko malamar da ta ce kina da ƙoƙari. In tana raye, ki neme ta. Idan mahaifiyarki na da rai, ki nemi jin labarin daga bakinta, domin yaran da aka raba da iyaye mata da yawa suna girma da zaton jefar da su aka yi, alhali uwar ta yi shekaru tana aiken da ba ya isowa.

Game da tsoron gado: ƙiyasin da masana suka daɗe suna ambato tun 1987 shi ne kusan 3 cikin 10 na waɗanda aka zalunta suna yara ne suke zaluntar nasu 'ya'yan. Ke nan mafi yawa ba sa yi. Wani bincike a Minnesota ya duba iyaye matan da suka katse abin, ya tarar sun fi samun babba mai tausayi a yarinta, ko miji mai mara baya, ko kuma sun zauna da ƙwararre sun yi maganar abin da ya same su. Waɗanda suka maimaita kuwa sun fi zama masu binne labarin. Wannan ya sa kalmar nan ta “dukan da muka sha ne ya sa muka zama mutane” take ba ni takaici. Mai faɗinta sau da yawa yana shan maganin olsa da na hawan jini, matarsa na tsoronsa, 'ya'yansa suna watsewa in ya shigo gida.

Masu ce miki rashin tawakkali ne su koma Suratu Yusuf. Annabi Yaƙub (AS), wanda ya ce haƙuri mai kyau zai yi, shi ne ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, kuma da 'ya'yansa suka yi masa ƙorafi ya ce ga Allah yake kai kukansa. Babu wanda ya isa ya ce imaninsa ne ya yi rauni. Tun fiye da shekara 1,000 da suka wuce malamin nan Abu Zaid al-Balkhi ya yi rubutu a kan tsoro da baƙin ciki da waswasi a matsayin cututtukan da ake yi wa magani kamar na jiki. Zancen iska kuma, ba ni da ja da addu'a da azkar da karatun Alƙur'ani, suna kwantar da zuciya, ki riƙe su. Inda nake ja shi ne duk wurin da za a doke ki, ko a ɗaure ki, ko a turnuƙe ki da hayaƙi, ko a ce kada ki je asibiti. Mun ga abin da aka tarar a Rigasa ta Kaduna a 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da mari a ƙafa, daga gidan da iyaye suka kai su da sunan gyara. Wanda duka ya jikkata, duka ba zai warkar da shi ba.

Yanzu aikin. Ki fara da yarinyar, domin nata ba ya jira. Ki fitar da bulala da wayar wuta daga gidan yau. Ki kafa wa kanki doka ɗaya: ba hukunci sai bayan sallar da ke tafe. Fushin da jiki ya kunna yana da ƙarfi amma ba ya daɗewa, in kin tsallake mintunan farko kin tsira. Ki koyi alamominki, ko zafin kunne ne, ko ɗaurewar muƙamuƙi, ko duhun ido. Da kin ji su ki bar wurin. Hadisi ya ce mai fushi in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa, kuma ya yi alwala. Likitanci bai zo da abin da ya fi wannan ba. Ki ƙara da numfashi: ki ja kina ƙirga 4, ki saki a hankali kina ƙirga 6 ko 8, domin sakin numfashi mai tsawo yana rage bugun zuciya. Ki riƙa yinsa bayan kowace salla lokacin da kike lafiya, in ba haka ba ba zai zo miki ba ranar da kike buƙatarsa.

Ranar da kika kasa kuwa, domin za a sami ranar, kada kukan ya ƙare a ɗaki. Ki kira ta, ki zaunar da ita kusa da ke, ki ce: “Abin da kika yi ba daidai ba ne, amma dukan da na yi miki ya yi yawa, ki yi haƙuri.” Na san za a ce uwa ba ta ba 'ya haƙuri. Ki tambayi kanki da me za ki ji da a ce sau ɗaya tak wani ya faɗa miki haka kina yarinya. Girmanki ba zai ragu ba. Ki kuma ware mata ɗan lokaci kullum, ko minti 10 ne, na kitso, ko tatsuniya, ko tsinkar zogale tare, wanda babu faɗa babu aike a cikinsa.

Ki faɗa wa mijinki, ko da a taƙaice. Namijin da bai san dalili ba yakan ɗauka shi ake wa fushi. Ki gaya masa abin da kike so ya yi a aikace: ya rage murya, ya janye yarinyar in ya ga kin hau, ya raka ki asibiti. Bayan shi ki sami mace ɗaya mai riƙe sirri. Kada ki raina wannan. A Zimbabuwe wani likitan ƙwaƙwalwa, Dixon Chibanda, ya horar da tsofaffin mata suna zama a kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, zama 6 kowane mutum. A gwajin da aka wallafa a 2016, bayan wata 6, kashi 14 cikin 100 ne kawai na waɗanda suka zauna da kakannin suke da sauran alamun ciwon damuwa, alhali a rukunin da bai zauna da su ba rabi ne.

Duk da haka irin naki yana son ƙwararre. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau ta Kano, Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato da Maiduguri, kuma asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika suna da wannan sashe. Zuwa can ba ya nufin hauka, galibin masu zuwa da ƙafarsu suke zuwa su koma gida a ranar. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta ba ki haƙƙin a ɓoye sirrinki kuma a nemi yardarki kafin magani. Ki nemi a haɗa ki da masanin halayyar ɗan Adam, ba a rubuta ƙwaya kawai a sallame ki ba. Maganin da ya fi aiki a kan irin wannan rauni na zama ne: a fara koya miki kwantar da jiki, sannan a bi labarin daki-daki, a hankali, har ya koma abin da ya faru a da, ya daina zama abin da ke faruwa yanzu. Makonnin farko kan yi nauyi, ki sani tun yanzu don kada ki gudu. In an ba ki ƙwayar maganin damuwa irin fluoxetine ko amitriptyline, takan ɗauki mako 2 zuwa 6 kafin a ji aikinta, ana ci gaba da sha watanni bayan an ji sauƙi, kuma ba a yanke ta rana ɗaya. Ki sanar da likita in kina da ciki ko kina shayarwa. Abin da nake roƙonki ki guje shi ne sayen diazepam ko tramadol ko maganin tari mai kodin a kemis don ki yi barci. Mata da yawa a cikin gidajen aure ta wannan ƙofar suka shiga shaye-shaye.

Za a matsa miki da maganar yafiya. Yafiya alheri ce, amma ba a yin ta da tilas, kuma ba sai kin yi ta ba sannan ki fara samun sauƙi. Ko kin yafe ma, wannan bai wajabta miki tura 'ya'yanki hutu gidan ba. Kada ki yi mamaki in kika tarar fushinki ya fi yawa a kan babanku, wanda yana gani ya kawar da kai. Jin haka ba saɓa wa iyaye ba ne. Ki gaishe shi, ki yi masa alheri gwargwadon hali, ki taƙaita zama in zaman yana tayar miki da ciwo, ki tafi da rakiya in za ki. Fuskantar matar da tonon abin da ya wuce kuwa ki jinkirta shi sai kin yi ƙarfi, domin yawanci musu ake yi, a ce ƙarya kike ko gata aka yi miki.

Akwai halin da ba a jiran ranar ganin likita. Idan kika fara jin gara ki mutu, ko kina tunanin hanyar da za ki bi, ko kika ji tsoron za ki yi wa yarinyar lahani, ko kika kwana biyu uku ba barci ko kaɗan, ko kina jin muryoyin da wasu ba sa ji, ki faɗa wa mijinki ko wata babba a daren nan. A kwashe fiya-fiya da maganin ɓera da tarin ƙwayoyi daga gidan, wani ya karɓi yaran, kada a bar ki ke kaɗai, a kai ki sashen gaggawa na asibiti mafi kusa.